Lamba Biyun da Baba Ya Nuna wa Nas

Zuwa ga Gwaggona abar girmamawa,

Assalamu alaikum. Kafin in gaishe ki ma, ina roƙon ki yafe mini ƙarfin halin da na yi na ɗaukar biro in rubuto miki. Na san ni ba tsararki ba ce, kuma tun da nake ban taɓa aiko miki da ko layi ɗaya ba. Iyakata in Baba ya miƙo mini waya in ce ina wuni, ki ce har yanzu bakin nan bai buɗe ba, in yi dariya in mayar masa da wayarsa. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun farko na yayyage su. Na so in kira ki, to wayar Umma ce kaɗai nake iya taɓawa, gidanmu kuma kin san shi, in aka yi tari a kicin sai a amsa da sannu daga ɗaki. Ko da ma ni kaɗai ce a gidan, na san ina jin muryarki kunya za ta hana ni faɗin abin da ke raina.

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Baba ya ce likita ya hana ki yawan tsayuwa amma ba ki hanu ba. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ja mana kwananki. Mu ma nan lafiya ƙalau. Umma tana nan tana fama da ɗinki, kayan 'yan makaranta sun yi mata yawa a wannan watan. Haƙoran Auta na gaba biyu sun fita, ta daina dariya a gaban baƙi. Ni kuma muna shirin jarrabawar ƙarshe, saura wata biyu, sai dai kwanakin nan in na buɗe littafi ido ne kawai a kai. Baba ma yana lafiya. Haka zai ce miki in kin tambaye shi, kuma a kan wannan maganar ce na rubuto.

Kin san an kai shi asibiti ranar Talatar nan ta watan jiya, amma ban san yadda ya ba ki labarin ba, don haka bari in faɗa miki yadda na gani da idona. Muna cikin darasi na biyar aka aiko wai mahaifina yana bakin ƙofar makaranta. Na same shi tsaye jikin bango, ya sa farar rigarsa ta fita, hannayensa a wanke tas, babu ɗigon tawada ko a farce. Wanda ya san Baba ya san ba ya barin maɗaba'a da tsakar rana, balle da farar riga. Ya ce wai in raka shi asibiti in cike masa fom, ya manta tabarau a wurin aiki. Na lura leɓensa ya yi fari, gumi kuma yana bin wuyansa alhali ba a zafi. Na ce mu tari mota, ya ce tafiyar minti goma ce, kada mu yi almubazzaranci. Sau uku muna tsayawa a hanya. Kowane tsayi sai ya ce wai yana duba allon wani shago ne, an buga rubutun a karkace.

A sashen gaggawa akwai wata nas a kan tebur kusa da ƙofa, ita ke tantance wanda za a fara gani. Ta miƙo fom, Baba ya turo mini. Gwaggo, a nan ne na yi kuskuren da ya hana ni sukuni. A makaranta an koya mana in ana yi maka shifta ka rubuta abin da aka faɗa, kada ka ƙara kada ka rage, ni kuma na fi kowa kiyaye wannan a ajinmu. Inda aka tambayi yaushe ciwon ya fara, Baba ya ce in rubuta ya daɗe, tsohon abu ne, ya saba da shi. Na rubuta. Inda aka tambayi ko ya hana shi aiki, ya ce in rubuta a'a. Na rubuta, har da gyara wasalin da bai fito sosai ba. Sai nas ɗin ta ɗauko wani kwali mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har zuwa mai kuka, da lambobi daga ɗaya zuwa goma, ta ce ya nuna inda zafin ya kai. Baba ya dubi kwalin, ya juyo ya dube ni ina tsaye da kayan makaranta da jaka a baya, sannan ya ɗora yatsa a kan biyu. Nas ɗin ba ta yarda ba. Ta kalle ni ta ce, 'yan mata haka ne? Ni kuwa na sunkuyar da kai na gyaɗa. Ta yaya zan ƙaryata mahaifina a gaban mutane?

Allah Ya sa ta gwada jininsa, tana ganin abin da na'urar ta nuna ta miƙe da kanta ta turo keken marasa lafiya. Shi kuma yana ta cewa a fara duba wata mata mai goyo da ta riga mu zuwa. Awa shida suka riƙe shi, suka ɗebi jini sau biyu, suka manna masa wayoyi a ƙirji. Daga ƙarshe likita ya ce ba bugun zuciya ba ne, gyambon ciki ne ya taso har zafinsa ya hau ƙirji, amma ya ga wani ɗan abu a gwajin zuciyar da yake so a sake dubawa bayan wata ɗaya. Muka dawo gida muna hamdala. Umma ta yi kuka, ta gama ta koma faɗa, ta ce ba banza abokan aikinsa suke kiransa Malam Ba-Komai ba, mutumin da ko wuta ta kama rigarsa zai ce ɗumi yake ji.

Mun ɗauka magana ta ƙare, tun da wurin aikinsu sun yi musu inshorar lafiya, kowane wata ana yanka daga albashi. Ashe kamfanin inshorar sun aiko da takarda cewa ba za su biya ba. Kwana tara ta yi a aljihun rigar aikinsa, sai da Umma ta zo wanki ta tsince ta, ta ba ni in karanta mata. Sun ce wai zuwan ba na gaggawa ba ne, ya kamata ya je ƙaramin asibitin da aka rubuta masa a kati ya bi layi. Hujjarsu uku: ya zo da ƙafarsa, ya ce ciwon tsoho ne bai hana shi aiki ba, kuma da kansa ya nuna biyu cikin goma. Har hoton fom ɗin suka haɗo. Gwaggo, rubutuna ne. Ga shi nan tsaf, layi a miƙe, irin wanda malamarmu take ɗagawa ta nuna wa aji. Ban taɓa jin na tsani rubutuna ba sai ranar.

A ƙasan takardar da ƙananan haruffa an ce wanda bai gamsu ba yana da kwana talatin ya nemi a sake duba hukuncin. Tara sun riga sun tafi a aljihu. Washegari bayan an tashi makaranta muka je ofishinsu ni da Umma, ba da sanin Baba ba. Bene na biyu ne, ɗaki mai sanyi da kujerun ƙarfe a jere, kana shiga ka ciri lamba ka zauna kana kallon allo. Na ninke tawa lambar na warware har ta kusa yagewa. Da aka kira mu taga ta uku, Umma ta tura ni gaba, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni. Matar da ke wurin, wata mai tabarau a goshi, ta ce to lauya, in ba za a yi magana ba a miƙo takardu su yi da kansu. Ta karanta, ta girgiza kai, ta ce ita ma irin wannan uban gare ta, a mako sai ta ga irin takardar nan biyar. Ta rage murya ta bayyana mana cewa masu sake dubawa ba abin da ciwon ya zama daga baya suke kallo ba, abin da suke tambaya shi ne, a lokacin da mutum ya nufi asibiti, shin yana da dalilin da zai sa mai hankali ya ji ransa na cikin haɗari? Ta ce mu kawo bayanin likita, da wasiƙa daga Baba da sa hannunsa yana faɗin gaskiyar abin da ya ji, da duk wata shaida daga wanda ya san halin da yake ciki a safiyar. Ta ce bakinsa ne ya rufe ƙofar, bakinsa ne kuma zai buɗe ta.

Bayanin likita na samo shi, bayan na je sau uku. Na kuma je maɗaba'a. Mai yankan takarda, wanda injinsa ke kusa da na Baba, ya ce tun wajen ƙarfe tara ya ga Baba ya dafe ƙirji ya jingina da injin, ya ce masa ya tafi, Baba ya ce aiki yana kan inji. Ya ƙarasa buga abin da ya fara, sannan ya tsaya ya wanke rololin injin masu shafa tawada ɗaya bayan ɗaya da kananzir, wai in tawada ta bushe a kansu na gobe zai sha wahala. Awa ɗaya da rabi, Gwaggo, yana wankin rola da ciwo a ƙirji! Mai yankan ya ce zai rubuta abin da ya gani, amma shi ma da ya tambaya ba komai Baba ya ce masa. Kuma na ga tabaran Baba ba a wurin aiki ya bar shi ba. A aljihun farar rigar yake, ni na fitar da shi ranar da muka dawo, ban kawo komai a raina ba sai yanzu.

Da Umma ta gaya wa Baba inda muka je, bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi shi ba zai zauna ya rubuta wa mutanen da bai taɓa gani ba cewa ya ji tsoro, su riƙe kuɗinsu, zai biya asibiti a hankali ko shekara nawa za a ɗauka. Umma ta ce girman kai ne, ya ce in girman kai ne ai nasa ne, bai ara a wurin kowa ba. Sannan ya faɗi maganar da ta sa na kasa zama wuri ɗaya tun daga ranar. Ya ce tun da masu ilimi sun zauna sun duba sun ce ba gaggawa ba ce, to ya ɗauki darasi, ya tayar da hankalin iyalinsa a banza, ba zai ƙara kai kansa wurin nan ba. Ranar sake gwajin zuciyar ta zo ta wuce, bai je ba. Ranar Asabar ina biye da shi a matakala, na ga ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙarfe ya sunkuya. Da ya ji motsina sai ya ce igiyar takalmi yake ɗaurewa. Takalmin nan ba shi da igiya.

Kin ga ba kuɗin ne suka fi damuna ba, ko da yake su ma ba ƙanana ba ne a gidanmu. Takardar nan ta gaya wa Baba abin da ya daɗe yana gaya wa kansa, cewa ciwonsa bai kai a dube shi ba. In aka bar ta a haka, ranar da abin ya dawo da gaske zai tsaya wankin rola. In kuwa suka janye, suka rubuto da hatiminsu cewa zuwansa daidai ne, na san halinsa, abin da aka buga a takarda yana girmama shi fiye da maganar baki.

Yanzu ga abin da na fi jin nauyin faɗa, ki yi haƙuri da ni. Makon jiya Baba ya ba ni wayarsa in goge masa hotunan da suka cika ta. Ina cikin yi na ga saƙon murya da ya tura miki a safiyar Talatar da muka je asibiti, ƙarfe goma da minti arba'in. Na san bai kamata ba, na san amana ce tsakanin ƙani da yayarsa, amma na shiga banɗaki na kunna famfo na saurara. Na ji ƙarar injuna a bayansa, na ji numfashinsa yana yankewa. Na ji ya ce miki Yaya, ga yara nan. Ya gaya miki inda takardun gida suke, ya ce kada a bari a cire ni daga makaranta ko me ya faru, ya ce kada ki kira Umma tukuna, zai biya ya gan ni sannan ya wuce asibiti. A nan na gane ba don fom ya zo makarantarmu ba. Na daɗe a banɗakin har Auta ta fara buga ƙofa. Washegari na sake dubawa, ya goge saƙon. Ban sani ba ko ya ga alama a idona, don an ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Ke kaɗai ya faɗa wa gaskiya a duniyar nan, kuma a wayarki kaɗai ta rage. Ina roƙon ki kada ki goge. Ba ina cewa ki tura wa kamfanin muryarsa ba, ni ma ba zan so baƙi su zauna a ofis suna sauraron mahaifina a wannan halin ba, sai in shi ya yarda. Abin da matar taga ta uku ta ce zai wadatar shi ne ki rubuta 'yan layuka cewa a rana kaza da ƙarfe kaza ƙaninki ya aiko miki da saƙo yana bar miki wasiyya saboda ciwon ƙirji, ki sa hannu da lambar wayarki. In rubutun zai wahalar da ke, ɗaya daga cikin 'yan biyunki ya rubuta ki sa hannu, a ɗauki hoto a turo wa Umma. Sai abu na biyu, wanda ya fi na farko: ki yi masa magana. Umma ta yi ta gaji, ni kuma ko kallon idonsa ba na iyawa. Amma na sha ganin yadda yake miƙewa tsaye in kin kira, kamar kina ganinsa. Ya taɓa ba mu labarin ranar da ya ɓoye miki ƙaya a ƙafarsa yana yaro har ta yi ruwa, kika zaunar da shi kika cire da allura kina yi masa faɗa yana kuka. To Gwaggo, wata ƙayar ce.

Na ajiye wasiƙar nan jiya a nan, don an kira ni in taya Umma guga, yau kuma wani abu ya faru da dole in ƙara. Na riga na tsara wasiƙar da ake so Baba ya sa wa hannu, na rubuta ta da bakinsa, na ɓoye a cikin littafina na kimiyya. A ciki na ce ciwon ya fara ne farat ɗaya a safiyar, abin da aka cike a fom ba daidai ba ne, ya faɗi haka ne don 'yarsa tana tsaye a wurin. Wajen lambar na rasa me zan sa, sai na yi kirdado na rubuta bakwai. Da safe na manta littafin a kan tebur na tafi makaranta. Duk yinin yau ban ji abin da malamai suka ce ba, har aka tambaye ni sau biyu ko ba ni da lafiya. Ana tashi na taho gida kusan da gudu.

Na tarar da littafin inda na bar shi, takardar kuma a samansa, ba a cikinsa ba. Kin san Baba ba ya iya ganin rubutu ya wuce, shekara ashirin da wani abu yana duba aiki kafin a buga. Ya bi ta da jan fensirin nan da yake saƙalewa a kunne. Ya nuna inda na matse layi, ya raba wani sakin layi gida biyu, ya soke wata doguwar kalma da na sa don in burge su ya rubuta gajera a gefe. Inda na ce don 'yarsa tana tsaye a wurin, bai taɓa ba. Bakwai ɗin kuwa ya ja mata layi ɗaya a tsakiya, ya fitar da kibiya zuwa gefen takarda yadda yake yi wa aikin mutane, ya rubuta tara.

Wurin sa hannu yana nan fari. Umma ta ce da ta tambaye shi kafin ya fita, cewa ya yi shi dai gyara ya yi, don takarda mai kuskure ba ta kwana a gidansa, sa hannu kuwa sai ya yi shawara. Ni kuma ban san wanda Baba yake shawara da shi ba in ba ke ba. Yau saura kwana goma sha ɗaya. Na yi magana da direban motar da ke zuwa wajenku zan ba shi wannan wasiƙar yau, ya ce jibi za ta iso hannunki, saura tara ke nan. Na sake kwafe takardar da gyare-gyarensa, tana nan a ƙarƙashin keken ɗinkin Umma tana jira, ni ma haka.

Ki gaishe mini da Baban 'yan biyu, da 'yan biyun kansu, da Yaya babba da matarsa da jaririnsu da ba mu gani ba tukuna sai a hoto. Umma tana gaishe ki, ta san na rubuto amma ba ta san da maganar saƙon ba, na bar miki ke ki ga ko ya dace ta sani. Auta ta ce a gaya miki haƙoranta suna hanya. In na yi rashin kunya a wani wuri cikin maganata, ki ɗauke shi a kan ƙuruciya da tsoro. In kuma Baba ya tambaye ki wa ya gaya miki, ki faɗa masa ni ce, na gyaɗa kai sau ɗaya a inda bai kamata ba, ba na son in ƙara.

Gwaggo, in kin ba ni izini, ina so in sake rubuto miki ranar da amsarsu ta fito, ko mai daɗi ce ko akasin haka. Ko bayan nan ma, in ba zan dame ki ba.

'Yarki mai kunyar nan,
takwararki.